Adon kurom a ragar ƙasan bamba: ina ya kamata jarinka ya shiga?

Wani mai sayar da kayan adon mota ya aiko da tambaya. Ya ce masu motoci sun fara yawan tambayarsa ko zai iya mayar musu da baƙar ragar nan ta ƙasan bamba ta koma mai ƙyallin kurom. Yana da ɗan jari a hannu, kuma yana tunanin abu biyu: ko ya sayi kayan aikin zuba kurom ya riƙa yi da kansa, ko ya saro marafan kurom da aka riga aka ƙera, waɗanda ake mannawa a kan ragar, ya cika shago da su. Wanne ya fi?

Malam, a ganina kada ka yi ko ɗaya daga cikinsu a yadda ka tsara. Kasuwar tana nan, ban musa ba. Amma abin da za ka sayar a wannan harka gwanintar hannunka ce da sanin abin da ya dace da kowace mota, kuma wannan ba ya cin jari mai yawa.

Mu fara da zuba kurom ɗin, don nan ne kuɗinka zai fi saurin nutsewa. Ƙyallin da kake gani a jikin robar mota ba fenti ba ne. Ana fara cinye fuskar robar da sinadari don ta yi kaushi, a shimfiɗa mata abin da zai sa ta ɗauki lantarki, a hau da jan ƙarfe, a bi da nikel, sannan a rufe da kurom wanda kaurinsa bai kai maikuron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kowane mataki da kwaminsa, da ma'auninsa, da ruwan ɗaurayarsa. Robar da ke karɓar wannan aiki da kyau ita ce ABS. Ragar ƙasan bamba kuwa galibi da robar PP ake yin ta, saboda tana jure duka ba ta fashewa, kuma ita wannan ba ta riƙe kurom cikin sauƙi. Ka cire raga ɗaya ka juya bayanta, za ka ga an buga haruffan irin robar a jiki. Wato ko ka mallaki injin, yawancin ragunan da za a kawo maka ba za su yi ba.

Ga kuma batun lafiya, wanda ya fi damuna. Sinadarin kurom da aka saba amfani da shi a wannan aiki yana jawo cutar daji ga mai shaƙar tururinsa, ruwan da aka zubar kuma yana gurɓata ƙasa da rijiyoyi. Tun watan Satumba na 2017 Tarayyar Turai ta hana amfani da shi sai da izini na musamman. Ba aikin bayan shago ba ne, kuma ba na so ka sa yaranka a ciki.

Akwai masu tallar feshin kurom, wanda a gaskiya azurfa ce ake fesawa a rufe da fenti mai garai-garai. Yana kyau ranar farko. Sai dai ragar ƙasa ita ce ke karɓar tsakuwa da ruwa da laka kafin kowane sashe na mota, kuma da zarar rufin ya ɓantale, azurfar za ta dushe ko ta yi rawaya. Sitikar kurom ta fi sauƙi, amma ba ta miƙewa sosai, tana wahalar kwanciya a kusurwoyin raga mai ƙananan ramuka.

Saura marafan da aka ƙera. Su ne hanya mafi dacewa, amma cika shago da su tarko ne. Kowane marfi na mota ɗaya ne, ta shekaru ƙalilan. Kamfani kan sauya fasalin bamba a tsakiyar zangon ƙirar mota, har mota iri ɗaya ta shekara ɗaya takan zo da bamba daban gwargwadon darajarta. Marfin da bai hau ba, babu dabarar da za ta sa ya hau. Yi lissafin da kanka: a ce ka saro 10, kana ɗora ribar rabin kuɗin saye a kan kowanne. Sai ka sayar da 7 kafin uwar kuɗinka ta dawo, ba a ma sa kuɗin dako da wanda ya zo a karce ba. In 4 suka yi kwantai, ka faɗi, alhali a ido kana ganin ciniki na tafiya. Sannan yayi yana juyawa. Masu motoci da dama yanzu baƙin launi suke so, suna biya a rufe musu kurom ɗin da motar ta zo da shi, kuma a 2024 kamfanin ƙera motoci na Stellantis ya bayyana cewa zai daina sa kurom a sababbin motocinsa.

Don haka ga abin da zan so ka yi. Ka ɗauki littafi, duk wanda ya tambaya ka rubuta irin motarsa da shekararta, ka ɗauki hoton bambar. Kada ka sayo komai sai mutum ya ba da kafin alƙalami da zai rufe kuɗin sayen kayan. In bayan wata biyu ko uku ka ga mota biyu ko uku ne ke ta maimaituwa a littafin, su kaɗai za ka ajiye, su ma kaɗan. Ka raba kuɗin kaya da kuɗin aiki a rasit. A kan kaya kowa zai iya karya maka farashi, amma a kan aiki mai tsabta ba kowa ba.

Wajen zaɓen kaya, na ƙarfe mara tsatsa mai lamba 304 ya fi na roba jure tsakuwa. Ka riƙe maganaɗisu a aljihu: in ya manne da ƙarfi, ba 304 ba ne. In bai manne ba, wannan bai isa shaida ba, domin mai lamba 201, wanda ya fi arha kuma ya fi saurin tsatsa, shi ma ba ya kamawa. A nan sai ka dogara da dilan da ka gwada, ka fara da guda ɗaya.

Wajen mannawa ne ake gane gwani. Yawancin marafan da salatif mai fuska biyu suke zuwa, kuma robar PP ba ta son gam. A wanke ragar, a goge da sinadarin alkohol don cire maiƙo da man ƙyalli, a shafa ruwan da ke taimaka wa gam kamawa, a gwada zaman marfin kafin a ɓare takardar, sannan a danna sosai daga tsakiya zuwa gefe. Irin wannan gam yakan ɗauki kamar awa 72 kafin ya gama kamawa, saboda haka ka gaya wa mai mota kada a wanke ta da ruwa mai ƙarfi a kwanakin. Wanda ya tsallake wannan, marfinsa a titi zai faɗi, kuma sunan shagonka za a kira.

Abu biyu kuma za su iya jawo maka biyan diyya. Ragar nan ba ado kaɗai ba ce, ta nan iska ke shiga ta sanyaya lagireto da kwandensar na'urar sanyi. Marfin da ya toshe ramukan zai iya sa inji ya yi zafi a cunkoso, don haka ka zaɓi wanda ke bin sandunan ragar kawai. Na biyu, motocin zamani da yawa suna da na'urar rada a gaba, wadda ke auna tazarar motar da ke gabansu har ta taka birki da kanta, kuma a wasu motocin a ragar ƙasa take zaune. Ƙarfe yana tare siginarta. In ka ga wani shafaffen murabba'i a tsakiyar raga, ko ƙananan da'irori na na'urar fakin, kada kurom ya hau kansu. In marfin ba shi da gurbin da aka yanke musu, ka mayar wa mutum kuɗinsa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Garanti kuwa, ka bayar a kan mannawa na ɗan lokaci da ka san za ka iya ɗauka, ka rubuta a rasit cewa bai shafi dukan tsakuwa ko karo ba. Sauran jarin ka bar shi a kayan da ke fita kullum a shagonka, har littafin ya nuna maka motocin da suka cancanci ka ajiye musu.