Amsa: Me ya sa Joshuwa ya tsaya wa mutanen da suka yaudare shi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko alkawarin da aka karɓa da yaudara yana ɗaure mutum, tunda ƙarya Gibeyonawa suka yi. Na daɗe ina koyar da wannan labari a ajin manya na makarantar Lahadi, kuma da wuya a tashi wani bai ce, "Ai da ni ne, na huta" ba.

A Joshuwa sura 9 Gibeyonawa, mutanen birnin Gibeyon, sun zo wurin Isra'ilawa neman alkawarin zaman lafiya, da tsofaffin takalma da salkuna masu faci da busasshen abinci mai funfuna, wai daga nesa suke. Shugabannin Isra'ila ba su nemi shawarar Ubangiji ba, suka rantse da sunansa cewa za su bar su da rai. Bayan kwana 3 asiri ya tonu, ashe maƙwabta ne. Jama'a suka yi ta gunaguni, amma aka bar su da rai, aka mai da su masu saran itace da ɗiban ruwa.

Inda nake jinjina wa Joshuwa shi ne sura 10. Adonizedek, sarkin Urushalima, ya gayyato sarakunan Hebron da Yarmut da Lakish da Eglon, suka kewaye Gibeyon. Ka ga dama ta samu. Da Joshuwa ya naɗe hannu, da sarakunan nan 5 sun gama da maƙaryatan, babu mai cewa takobinsa ya taɓa kowa. Amma da saƙon neman agaji ya iso Gilgal, inda sansanin Isra'ila yake, sai ya kwana yana tafiya da mayaƙansa, kuma hawa ne tun daga kwarin Urdun har kan tuddai. A gangaren Bet-horon ƙanƙara ta kashe fiye da waɗanda takobi ya kashe.

Na sha zaman sulhu a ikilisiya inda wanda ya tsaya wa wani a bashi yake neman zamewa, wai ba a faɗa masa gaskiya ba. Sau da yawa haka ne, amma in ka tambaye shi ko ya bincika kafin ya sa hannu, sai ya yi shiru.

Ka karanta 2 Sama'ila 21 kuma. Sarki Saul ya karkashe Gibeyonawa, aka yi yunwa shekara 3 a zamanin Dawuda saboda haka. Aka miƙa musu mutum 7 daga zuriyar Saul. Wannan wurin yana mini nauyi duk lokacin da na koyar da shi. Mefiboshet ɗan Jonatan, jikan Saul, kuwa Dawuda ya hana a taɓa shi, saboda rantsuwar da ke tsakanin Dawuda da Jonatan.