Sunan Yanka da Lakabin Ɗiya Mace: Wa Ke da Hakkin Zaɓa, Kuma Wanne Ya Halatta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, daga Talata Mafara nake rubutowa. Maiɗakina ta sauka ranar Talata bayan azahar, an samu ɗiya mace. Ni ina son in mayar da sunan mahaifiyata, Hauwa'u, ita kuma uwar ta ga wani suna a waya, Malak, ta kafe a kansa. Gwaggona ta ce tunda yara biyu sun rasu kafin wannan, a riƙa kiranta Ajuji ko ta tsaya. Wa ke da hakkin zaɓa? Wace rana ce ranar suna? Kuma wane lakabi ya dace, tunda ba mu iya faɗin sunan mahaifiyata a gida?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya raya ta bisa Musulunci, ya ba mai jego lafiya, ya sanya waɗanda suka riga mu su zame muku masu ceto.

Idan uba da uwa suka saɓa, hakkin raɗa suna na uba ne, domin gare shi ake jingina ɗa. Allah ya ce a Suratul Ahzab, aya ta 5, a kira su da sunan iyayensu maza, kuma akika, wato yankan suna, a wuyansa take. Sai dai wannan hukuncin ranar jayayya ne. Uwar Nana Maryam da kanta ta raɗa wa ɗiyarta suna, ta ce "wa inni sammaituha Maryam" (Ali Imrana, aya ta 36), Alƙur'ani bai aibata ta ba. Matar da ta ɗauki ciki wata tara, ta kuma binne biyu, ba a gaya mata "hakkina ne" a tashi a bar ta. Ka zauna da ita.

Hauwa'u suna ne mai kyau, sunan uwar 'yan Adam, shi ne kuma sunan mahaifiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Mayar da sunan uwa yana cikin kyautata mata. Malak kuwa ma'anarsa mala'ika. Malamai da dama sun ƙyamaci sanya wa mace shi, saboda mushirikan Makka sun riya cewa mala'iku mata ne, Allah ya ƙaryata su a Suratuz Zukhruf, aya ta 19. Na san maiɗakinka ba wannan ta nufa ba, daɗin lafazin ta ji, kuma ba zan ce wanda ya riga ya sanya shi ya yi zunubi ba. Amma ku da ba ku raɗa ba tukuna, abin da nake ganin daidai shi ne ku bar shi, ko a yanka ko a lakabi.

Ma'aunin da Manzon Allah (SAW) ya bar mana a kan ma'ana yake. Muslim ya ruwaito cewa ya canja sunan wata ɗiyar Sayyidina Umar daga Asiya zuwa Jamila. A kula da wannan sosai, don rubutun boko yana haɗa sunaye biyu: Asiya mai harafin ainu da sadi ma'anarta mai saɓo, ita aka canja, Asiya mai alif da sin sunan matar Fir'auna ce, muminar da aka yaba, babu laifi a cikinsa. Ya kuma canja Barra, wato mai yawan ɗa'a, zuwa Zainab, ya ce kada ku tsarkake kanku, Allah ne mafi sanin masu ɗa'a a cikinku. Uwar Muminai Juwairiyya ma da Barra ake kiranta. Ke nan ana gudun suna mai mummunar ma'ana da mai yabon kai a addini. Ƙari a kan haka, ba a jingina bauta ga wanin Allah: Amatullahi da Amaturrahman sun halatta, Amatunnabiyyi bai halatta ba. Kuma kasancewar kalma a cikin Alƙur'ani bai mayar da ita suna ba, Hawiya ma tana ciki, alhali sunan wuta ce. Duk sunan da aka tsinta a waya, a kai wa wanda ya san Larabci ya rubuta shi da harafinsa, ya faɗi ma'anarsa, kafin a shaida wa liman.

Maganar gwaggonka ita ta fi damuna. Tsoro da ƙauna suka sa ta faɗa, a girmama ta, amma ba za a bi ba. Ajuji, Ayashe da ire-irensu sunayen wabi ne, ana sanya su don a nuna kamar ba a damu da yaron ba, wai mutuwa ko iska ta raina shi ta wuce. Wanda ya ƙudurce cewa suna na tunkuɗe ajali ya taɓa aƙidarsa. Wanda bai ƙudurce ba, ya dai liƙa wa ɗiyarsa juji, ga Allah ya ce "wa la tanabazu bil alƙab" a Suratul Hujurat, aya ta 11. Buhari ya kawo labarin kakan Sa'idu ɗan Musayyib, mai suna Hazn, wato tsauri. Annabi (SAW) ya ce masa kai Sahl ne, wato mai sauƙi, ya ce ba zai canja sunan da ubansa ya raɗa masa ba. Sa'idu ya ce tun daga nan tsauri bai bar zuriyarsu ba. Abin da za ku yi wa jaririyar shi ne addu'ar da Annabi (SAW) yake yi wa Hasan da Husaini: "U'izuki bi kalimatillahit tammati min kulli shaiɗanin wa hammatin wa min kulli ainin lammatin." Sannan ku kai ta rigakafi a kan lokaci, kai da uwar ku yi gwajin jini, don sikila tana cikin abubuwan da ke jawo mutuwar yara a jere.

Shi lakabi mai kyau sunna ta zo da shi. Annabi (SAW) ya kira matarsa "ya A'ish", ya kira ƙaramar yarinya da "Ummu Khalid" ranar da ya sanya mata tufa. Saboda haka Indo ga A'isha, Binta ga Fatima, Dije ga Khadija, Mairo ga Maryam, duk halal ne, haka Talatu, Jummai, Azumi ko Auta, labarin haihuwa kawai suke bayarwa. Alkunyar ƙin faɗin sunan uwa al'ada ce mai kyau, ba wajibi ba ce. Wanda ya kira jikar da Hauwa'u bai yi laifi ba. Shawarata: kai ka ɗauki sunan yanka, ka bar wa uwar lakabi, shi ne ma wanda za a fi ji a gidan kullum. Tana iya zaɓar Ummi, Walida, Jidda ko Nana. Kulu ma na Hauwa'u ne a ƙasar nan tamu, amma in da shi ake kiran mahaifiyarka, alkunyar ba ta yi amfani ba.

Ranar suna kuma: Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta ce ba a lissafa ranar haihuwa a cikin bakwai ɗin. Tunda bayan alfijir aka haife ta, Laraba ce rana ta farko, suna ya faɗo Talata mai zuwa. Da cikin dare aka haife ta kafin alfijirin Talata, da Litinin ce. Dabba ɗaya ake yankawa da hantsi, rago ko tunkiya ko akuya, mai sharuɗɗan layya: lafiyayya, ba gurguwa ba, ba mai ido ɗaya ba, ba ramammiya ba. Ba a shafa wa jaririya jinin. A yi mata aski da sabuwar reza ko askar da aka tafasa, a yi sadaka da kimar nauyin gashin na azurfa. Muwaɗɗa, littafin hadisi na Imamu Malik, ta kawo cewa Nana Fatima ta yi haka ga 'ya'yanta Zainab da Ummu Kulsum kamar yadda ta yi wa mazan. In babu halin dabba, kada ka ci bashin da zai danne ka, ka raɗa suna kawai. Annabi (SAW) ya raɗa wa ɗansa Ibrahim suna a daren haihuwarsa.

Wajen rajistar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a rubuta sunan yanka da naka, da rubutu iri ɗaya. In ka rubuta Hauwa'u, kada katin asibiti ya ce Hauwa, rajistar firamare ta ce Jidda. Saɓanin harafi ɗaya yakan tsayar da yarinya wajen katin ɗan ƙasa, jarrabawar fita sakandare ko fasfon aikin Hajji, sai an je kotu an yi takardar rantsuwa. Ranar da za a kai ta makaranta, ka je da takardar haihuwar a hannunka, malami ya kwafa daga ciki.

Wallahu a'alam.