Shekara 20 a rami: amsa ga mai tambaya kan labaran bayan yaƙin nukiliya

Wa'alaikumus salam, Malama. Kin ce ƙaninki ya turo miki wani littafi na saurare, labarin mutanen da suka shige ƙarƙashin ƙasa bayan yaƙin nukiliya, kina tambaya ko ya cancanci lokacinki da datarki, kuma wai da gaske ɗan Adam zai shekara 20 a rami bai mutu ba. 'Yan'uwa sun ba ki amsa a gajarce. Tawa za ta yi tsawo, sai ki yi haƙuri da ni.

Ni tela ne. Hannuna da idona suna kan keke, kunnena ne kawai ba shi da aikin yi, shi ya sa na fi shekara shida ina cika shi da labarai. Da littattafanmu na Hausa da ake karantawa a rediyo da YouTube na fara, daga baya na tsallaka na Turanci. Wannan nau'in da kike tambaya na saurare shi da yawa, wasu na kai ƙarshe, wasu na watsar a hanya.

Amsar farko: ya cancanta, kuma a ganina ya fi daɗi a kunne fiye da a takarda. Mutanen cikin labarin a duhu suke, ba sa ganin abin da ke gabansu sai dai su ji motsi, su ji ɗigar ruwa, su ji takun da ba su san mai shi ba. Ke ma da kika sa iyafis halin da kike ciki ke nan. Wata shekara ana saura kwana uku sallah na kwana a shago, wajen ƙarfe biyu aka ɗauke wuta daidai lokacin da yaron labarin ke tsaye gadi a bakin rami, fitilarsa tana mutuwa. Wallahi sai da na laluba na tabbatar ƙofar shago a kulle take. Gaskiyar iyayenmu da ba sa yin tatsuniya da rana.

Wanda ya fi shahara a wannan fanni, kuma ina zargin shi aka turo miki, shi ne Metro 2033 na Dmitry Glukhovsky, ɗan Rasha. Ya fara sakinsa kyauta a intanet a 2002, aka buga shi a 2005. Abin da ya sa ya kama zukatan mutane shi ne wurin ba ƙirƙira ba ne. Tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Mosko suna nan, an buɗe layin farko a 1935, mutane sun fake a ciki a 1941 lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai, akwai ma manyan ƙofofin ƙarfe da aka tanada don toshe su. Tashar Park Pobedy ta kai zurfin mita 84. Ko kwanan nan, a 2022, mutanen Kharkiv a Yukiren sun yi kusan wata uku suna kwana a tashoshinsu. To fakewa a rami abu ne da aka yi, aka kuma rayu.

Amma wata uku daban, shekara 20 daban. Nan zan daɗe, domin nan ne nake gane marubucin da ya yi tunani da wanda ya tara dodanni kawai.

Kawuna maginin rijiya ne, ina yaro ni ke riƙe masa igiya. Kafin ya shiga tsohuwar rijiya yasa, sai ya kunna aci-balbal ya zura ta a guga. In ta kai ƙasa tana ci, bismillah. In ta mutu a hanya, ko nawa za a ba shi ba ya shiga, sai an ɗaure ganye a igiya an yi ta sama da ƙasa da shi har iskar ta sauya. Wannan rijiya ce mai gaba goma, bakinta a buɗe. Yanzu ki kwatanta mutum dubu a rami a toshe, suna numfashi, suna hura wuta suna girki. Iskar da muke fitarwa tana da nauyi, ƙasa take kwanciya, kuma ba ta da wari balle ta yi gargaɗi. Dole sai da injin da ke shigo da sabuwa, injin kuma yana son wuta, wuta tana son mai da kayan gyara. Ga ruwa: irin waɗannan ramuka kullum famfuna ke zuƙe ruwan da ke tsatsowa, ranar da suka tsaya rami ya fara cika.

An ma gwada abu mai kama da haka. A jihar Arizona ta Amurka, daga 1991 zuwa 1993, an rufe mutum takwas a wani katafaren gini na gilashi mai suna Biosphere 2, da gonarsu da dabbobinsu, ga hasken rana yana shiga. Duk da haka iskar shaƙa ta ragu daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa wajen 14, sai da aka ɗura musu daga waje. Sun rame saboda yunwa, sun kuma rabu gida biyu ba sa ga-maciji. Mutum takwas fa, masu ilimi, da kuɗi a bayansu.

Abinci ma haka. A littafin na Rasha naman kaza suke nomawa, su kiwata aladu, harsashi shi ne kuɗi. Batun harsashin na yarda da shi, dabara ce mai kyau. Na abincin ne ban haɗiye ba. Naman kaza ba ya tsirowa a banza, ruɓaɓɓen tsiro yake ci, tsiron kuma rana ce ta raine shi. Dabba kuwa abin da take ci ya ninka abin da take bayarwa. Mu yi lissafin gida: babban mutum yana cin kamar buhu biyu na hatsi a shekara. Mutum dubu a shekara 20, buhu 40,000 ke nan, in ƙwari da laima sun ƙyale shi. Ba a zo maganar yaran da za a haifa ba su taɓa ganin rana ba, ƙashinsu ya yi laushi ƙafa ta gwame.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na bincika shi ne, tun asali ba a buƙatar shekara 20 ɗin. Ƙurar da bam ke bari tana da tsananin haɗari a sa'o'in farko, amma ƙarfinta na faɗuwa da sauri: bayan awa bakwai ya koma kashi ɗaya cikin goma, bayan kwana biyu ɗaya cikin ɗari, bayan mako biyu ɗaya cikin dubu. Ƙasashe irin Suwizalan, da suka kafa dokar gina mafaka tun 1963, zaman kwanaki ko makonni suka tanada. Hiroshima da aka jefa wa bam ranar 6 ga Agusta 1945 yau mutum fiye da miliyan ne a cikinta. Abin da masana irin su Carl Sagan suka yi gargaɗi a kai a 1983 shi ne hayaƙin biranen da suka ƙone zai tare rana, sanyi ya sauka, damina ta lalace. Yunwa ce za ta fi bam kisa, kuma har inda ba a jefa komai ba za ta je. Kada ma mu ɗauka abin ya yi mana nisa: ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane cikin hamadar Aljeriya, ta inda hazo ke zuwa mana, har gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa a farkon 1961.

To me ya sa nake ci gaba da saurare? Saboda inda suke faɗin gaskiya, wato halin mutane. Masu haƙar ma'adinai 33 da ƙasa ta rufta wa a Chile a 2010 sun yi kwana 69 a zurfin kusan mita 700, kwana 17 na farko ba wanda ya san suna raye, cokali biyu na kifin gwangwani suke ci duk bayan kwana biyu. Tsari ne ya riƙe su: rabon abinci, rabon aiki, addu'a tare. Labari mai kyau a kan wannan yake zama. Wa ke riƙe da makullin sito? Me ake yi da wanda ya saci abinci? Wa ke ƙirga kwanaki? Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne. Wani Bafaranshe, Michel Siffre, ya yi wata biyu a kogo ba agogo a 1962, da aka ce masa lokaci ya cika lissafinsa ya yi baya da fiye da mako uku. Nan da nan na tuna Ashabul Kahfi da suka farka suna zaton yini ɗaya suka yi ko wani sashe na yini.

Shawarata, ki sauke Metro 2033 ɗin in kin samu intanet mai araha, domin na Turancin ya kai wajen awa 20. Sunayen tashoshi za su ruɗa ki, ki nemi taswirar layukan Mosko ki ajiye a waya. In mai karatun yana sauri ki rage gudunsa. Akwai kisa da maganganun da ba na yara ba, kada ki sa a lasifika a tsakar gida. In kuma kina da saurin firgita ko zuciyarki ba ta kwance kwanakin nan, ki bari sai da rana kina aiki.

Kafin kawu ya rasu, Allah Ya ji ƙansa, na taɓa ba shi labarin nan tun daga farko. Ya saurara har na gama, bai tambayi dodanni ba, bai tambayi yaƙin ba. Cewa ya yi: "To su a ina suke zagayawa, kuma wa ke yi musu fifita?" Tun ranar, duk littafin da na ci awa uku a ciki ba wanda ya damu da waɗannan biyun, goge shi nake yi in sa wani.