Hukuncin ƙawata kantar littattafai da kayan ado a ƙaramin falo

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ni da maigidana muna zaune a ɗaki ɗaya da ƙaramin falo, kuma a falon muke zama, mu karɓi baƙi, a nan nake sallah. Muna da kantar littattafai mai hawa biyar a jikin bangon alƙibla, tana ɗauke da Alƙur'ani da littattafan addini da na boko. Ina so in ƙawata ta da kaskon fure, da kyandir, da hoton iyalinmu a firem, da wasu 'yan giwaye biyu na katako masu tokare littattafai, da wata ƙaramar butar azurfa da aka ba ni kyauta. Wanne ne ya halatta, wanne ne bai halatta ba? Kuma sallata ta yi idan na fuskanci kantar?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa. Bayan haka, 'yar'uwa, asalin hukuncin ƙawata gida halacci ne, ba a haramta wani abu daga cikinsa sai da dalili. Allah Maɗaukakin Sarki Ya ce a aya ta 32 ta Suratul A'araf: "Ka ce, wane ne ya haramta ƙawar Allah wadda Ya fitar domin bayinSa, da daɗaɗan abubuwa na arziki?" Muslim kuma ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa Annabi (SAW) ya ce Allah Mai kyau ne, Yana son kyau. Saboda haka kaskon fure, da agogo, da tangaran mai zanen ganyaye, da dutse mai launi, da hoton teku ko na tsaunuka, duk babu laifi a cikinsu matuƙar ba a kai ga almubazzaranci ba. Ibn Abbas ma, da wani mai sana'ar zane ya kai masa kuka, cewa ya yi da shi idan har ba makawa sai ya yi, to ya zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai.

Inda maganar take da nauyi shi ne giwayen nan biyu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Ɗalha cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko sura (wato siffar da aka zana ko aka sassaƙa) a cikinsa. Sun kuma ruwaito daga Nana A'isha cewa ta taɓa lulluɓe wani gurbi na ajiyar kaya a ɗakinta da labule mai surori, da Annabi (SAW) ya dawo daga tafiya ya gan shi sai fuskarsa ta canja, ya yage shi, ita kuma ta mayar da ƙyallen matashin kai. Malaman Malikiyya sun tattara waɗannan nassoshi suka ce sura tana haramta idan ta kasance ta abu mai rai ce, kuma tana da jiki har ta yi inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika. Giwar katako mai kai da haure da ƙafafu ta cika waɗannan sharuɗɗa gaba ɗaya, kuma a kan irinta sauran mazhabobi ma ba su saɓa ba. Kasancewarta ƙarama, ko kasancewar tana da aikin tokare littattafai, bai fitar da ita daga hukuncin ba, domin a ɗaukake take a kan kantar inda ido zai sauka a kanta, ba a ƙasa ake tattaka ta ba. Rangwamen da ya zo game da 'yan tsanan da Nana A'isha take wasa da su tana ƙarama na kayan wasan yara ne, ba a kiyasta adon manya a kansa.

Mafita a nan mai sauƙi ce. A hadisin Abu Huraira da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, Mala'ika Jibrilu ya umarci a yanke kan mutum-mutumin da ke cikin gidan domin ya koma kamar siffar bishiya. Idan kin cire kawunan giwayen sun fita daga haramci, sai dai ba na jin za ki so ganinsu haka, don haka abin da ya fi shi ne ki musanya su da matokari na ƙarfe ko na katako marar siffa, ko ki kwantar da manyan littattafai uku ko huɗu a ƙarshen layi su tokare na tsaye. Wannan dabara ta biyu ta fi dacewa da ƙaramin wuri, tun da ba ta cin gurbin da littafi zai zauna.

Hoton iyali hukuncinsa ya fi sauƙi, kuma akwai saɓani a kansa. Surar da ba ta da inuwa makaruhi ce a wurin Malikiyya idan an ɗaukaka ta, yayin da Imam Nawawi da malamai da yawa suka haɗa ta da mai inuwa a haramci. Hoton kyamara kuwa malaman wannan zamani sun rabu a kansa: wasu suna ganinsa kamar abin da madubi yake nunawa ne aka tsayar, wasu sun shigar da shi ƙarƙashin hani. Ban ce kin yi zunubi idan kin bi masu halattawa ba, amma a halin da kika bayyana ina ganin ki ajiye shi a albam, saboda kantar tana alƙiblarki. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya ce da Nana A'isha ta kawar da labulenta domin surorinsa ba su gushe suna gitta masa a cikin sallarsa ba. Idan zanen labule ya ɗauki hankalin mafificin halitta, ina ga fuskokin 'ya'yanki suna kallonki kina tsaye a gaban Ubangijinki?

Butar azurfa, idan azurfar gaske ce zalla, ba ta halatta a yi amfani da ita wajen ci ko sha, namiji ne ko mace, saboda hadisin Huzaifa da na Ummu Salama a cikin Bukhari da Muslim. Ajiye ta don ado kawai shi ma haramun ne a mazhabar Malikiyya, kamar yadda Shehu Khalil ya ambata a Mukhtasar ɗinsa, kuma shi ne mafi inganci a wurin Shafi'iyya, Hanafiyya ne suka yi sauƙi a kansa. Ki sayar da ita, ko ki sa maƙeri ya narkar da ita ya yi miki abin wuya ko awarwaro, wanda halal ne ga mace. Amma ki fara bincikawa tukuna, domin yawancin irin waɗannan kaya ƙarfe ne mai launin azurfa, wanda babu komai a kansa.

Akwai kuma abin da ba ki tambaya ba amma ya wajaba in faɗa, saboda yana yawa a cikin kayan ƙawa da ake sayarwa. Kan gunkin Buda, da gicciye, da shuɗin dutsen nan mai siffar ido da ake ratayawa wai don maganin kambun baka, ba su da gurbi a gidan Musulmi ko da niyyar ado ce. Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) ba ya barin wani abu mai alamar gicciye a gidansa face ya warware shi.

Sai tsarin littattafan kansu, wanda shi ne mutane suka fi sakaci da shi idan sha'awar ado ta kama su. Ibn Jama'a, wanda ya rasu a shekara ta 733 bayan Hijira, ya bayyana a cikin ladubban ɗalibi cewa Mus'hafi ake ɗorawa a sama da komai, sai littattafan hadisi, sai tafsiri, sauran fannoni su biyo baya gwargwadon darajarsu. Don haka ki ware wa Alƙur'ani hawa na sama, kada ki ɗora masa kasko ko agogo ko wani littafi, kada kuma ki mayar da littafin hadisi ko na fiƙihu matashin da za a ɗora abin ado a kansa don ya ƙara tsawo. Idan kina son irin wannan tsari, ki yi shi da littattafan da ba su ɗauke da ayoyi da sunayen Allah. Furen da ake ba ruwa ya sauka hawa na ƙasa ko ya koma gefe, domin ɗigo kaɗan ya isa ya kumbura takarda ya kawo fumfuna. Idan wurin kwanciya ko na zama ya sa ƙafafunku suna miƙewa wajen kantar, babu laifi matuƙar Mus'hafin yana sama, ba daidai da ƙafar ba.

Kyandir halal ne, amma ban yarda a kunna shi a cikin kantar ba, tsakanin takarda da katako, kuma Annabi (SAW) ya hana a bar wuta a cikin gida lokacin barci, kamar yadda ya zo daga Ibn Umar. Haka nan ƙa'idar "babu cuta, babu cutarwa" ta hukunta a ɗaure doguwar kanta da bango da ƙusa, a sa masu nauyi a ƙasa, musamman idan akwai yaro mai rarrafe ko mai son hawa.

Sallarki kuwa ingantacciya ce, fuskantar kantar ba ya ɓata ta. Abin da Imam Malik ya ƙi shi ne mutum ya ɗauko Mus'hafi da gangan ya ajiye a alƙiblarsa domin ya yi sallah gare shi, amma idan dama can nan ne mazauninsa, babu komai. Sai dai ki rage tarkace a hawan da yake daidai da idonki, ki bar wani gurbi a sake, ki kuma runtse ganinki zuwa wurin sujada idan kika ji adon yana jan hankalinki. Idan duk da haka yana shagaltar da ke, ki yafa wa kantar farin ƙyalle marar zane lokacin sallah, ko ki mayar da ita wani bangon idan faɗin falon ya ba da dama.

Allah ne Mafi sani.