Amsa: 'yan kwantabilite da 'yan magaza ba sa ga maciji

Salamu alaikum ɗan'uwa, ka ce a wurin aikinku kowane sarwis na jan nashi, kana tambaya ya za a yi su haɗa kai. Wallahi mu ma mun sha wannan a inda nike aiki nan Maradi, kamfanin saida taki ne da iri. Wata rana kamyon ya taso daga Ɗan Issa cike da kaya, mai magaza bai san da zuwanshi ba, kwantabul kuma bai fidda kuɗin 'yan dako ba, haka direba ya kwana bakin ƙofa da buhuhuwa a kai, da safe kowa na nuna ɗan'uwanshi da yatsa.

Abin da ya gyara mu ba wani dogon reyiniyon ba ne, ni dai ban yarda da zaman awa uku ana hamma ba. Duk Litinin da safe mutum guda daga kowane sarwis, a tsaye, minti 15, ga shayi, kowa ya faɗi abin da zai shigo da abin da zai fita a satin. Sai gurup ɗin WhatsApp guda, ba na shugabanni kaɗai ba har mai gadi na ciki, da zarar bon, wato takardar shiga ko fitar kaya, ya fito a ɗauki hoto a tura.

Amma wanda ya fi aiki, patron ya tura kwantabul ya wuni magaza yana ƙirga buhu cikin zafin nan na watan huɗu, ya dawo riga jiƙe da zufa, tun ranar bai ƙara riƙe takardar 'yan magaza har kwana biyu ba. In patron naku na fifita ɓangare guda kuwa, ku fara da shi tukunna.