Tambaya da Amsa: Wane Karatu Zai Kai Ni Aikin Man Fetur?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga unguwar Ali Dan Sofo a nan Maradi, kuma na samu BAC D, wato takardar kammala sakandare ta fannin kimiyya, a bana. Tun da aka fara fitar da ɗanyen man ƙasarmu ta bututu nake da burin yin aiki a wannan fanni. Mahaifina ɗan kasuwa ne, ya ce zai iya ɗaukar nauyin karatun shekara biyu ko uku, amma ba shi da halin tura ni Faransa ko Sin. Na ga tallan wasu makarantun kuɗi da ke cewa suna ba da takardar "fetur da gas", wasu abokaina kuma suna cewa in tafi Najeriya. Wanne zan zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya albarka a wannan sakamako, ya kuma saka wa mahaifinka da alheri. Shawarata ita ce kada ka bi sunan takarda, ka bi sana'ar da za ta zauna a hannunka, domin kamfanin mai ba ya ɗaukar mutum don kalmar "fetur" tana rubuce a takardarsa, yana ɗaukarsa ne don akwai injin da ke bukatar gyara ko na'urar da ke bukatar saiti.

Ka fara da sanin inda aikin yake. Man Nijar yana fitowa ne daga rijiyoyin Agadem a jihar Diffa, inda kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya fara hakowa a shekarar 2011. A wannan shekarar ce aka buɗe matatar SORAZ, kimanin kilomita 50 arewa da Damagaram, wadda aka gina don tace ganga 20,000 a rana. Daga baya aka shimfiɗa babban bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa tashar ruwan Seme a Benin, wanda ya ratsa ta jiharmu ta Maradi, kuma jirgin farko ya yi lodi a watan Mayun 2024. Sai kuma SONIDEP, wadda ke kula da ajiya da rarraba mai a cikin ƙasa. A waɗannan wurare duka, masu nazarin duwatsu da injiniyoyin da ke lissafin abin da ke ƙarƙashin ƙasa 'yan kaɗan ne, kuma galibinsu sun yi karatun shekara biyar ko fiye. Mafi yawan ma'aikata masu lantarki ne, da kanikawan famfo da injin, da masu walda, da masu kula da na'urorin awo, da masu gwaji a ɗakin sinadarai. Haka kuma aikin shimfiɗa bututu ya ci dubban hannaye amma ya ƙare, abin da ya rage shi ne tafiyarwa da gyara, wanda ke bukatar mutane kaɗan masu ƙwarewa sosai.

A cikin waɗannan sana'o'i, wadda nake yawan nuna wa masu BAC D ko C ita ce lantarkin masana'antu tare da na'urorin awo da sarrafawa. Ga dalilina. A matata ko a tashar tura mai, babu wanda ke leƙa cikin bututu ya ga abin da ke gudana. Na'urori ne ke auna matsi da zafi da yawan abin da ke kwarara, su aika da saƙon lantarki mai ƙarfin miliyamfa 4 zuwa 20 zuwa ɗakin sarrafawa, inda kwamfuta ke buɗe bawul ko ta rufe shi. Idan na'ura ɗaya ta fara ba da awon ƙarya, tanki na iya cika ya tumbatsa alhali allon yana nuna cewa da sauran wuri. Mutumin da ya iya gano wannan matsala, ya daidaita na'urar, ya kuma karanta zanen wayoyin ba tare da an tsaya a kansa ba, ba ya rasa mai nemansa. Kuma idan harkar mai ta yi sanyi, kamar yadda fitar da ɗanyen man ta tsaya na wani lokaci a 2024 saboda saɓanin da ya shiga tsakanin Nijar da Benin, wannan ilimin zai ci gaba da ciyar da shi a kamfanin lantarki na NIGELEC, ko masana'antar siminti ta Malbaza, ko aikin wutar sola da ke yaɗuwa a garuruwanmu. Wanda ya karanta "fetur" zalla ba shi da wannan mafita.

Ba sai ka yi nisa ba. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke nan Maradi tana da cibiyar fasaha ta IUT, kuma ya kamata ka je da ƙafarka ka tambayi sashen lantarki da sharuɗɗan shiga, domin zama a gidanku zai rage wa mahaifinka kuɗin haya da abinci, a mayar da su wajen littattafai da kayan aiki. Idan kana da ƙarfin lissafi, ka gwada gasar shiga EMIG a Yamai, makarantar ma'adinai da masana'antu da ilimin ƙasa, wadda ta daɗe tana yaye ƙwararrun ma'aikata da injiniyoyi. Game da Najeriya, abokanka ba su yi ƙarya ba: akwai cibiyar horon man fetur ta PTI a Effurun kusa da Warri, wadda aka kafa tun farkon shekarun 1970, kuma tana da suna a wannan fanni. Sai dai karatun da Ingilishi ake yi, garin yana da nisa ƙwarai daga nan, kuma dole ka bincika yadda za su karɓi BAC ɗinka da yadda hukumominmu za su amince da takardar idan ka dawo. A ganina ya fi ka fara samun DUT, wato takardar kammala karatun fasaha ta IUT, ko digirin sana'a na lasisi a gida, ka ƙara da gajeren kwas a waje bayan ka san abin da ka rasa.

Batun makarantun kuɗi kuwa, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, amma kada ka yi cinikin biri a sama. Na taɓa raka ɗan wani aminina wata irin wannan makaranta, muka tarar da katafaren allo a bakin ƙofa da hoton na'urar haƙo mai a tsakiyar teku. Da na nemi a nuna mana ɗakin koyon aiki, sai aka yi ta neman makulli, da aka buɗe kuma muka iske injin walda guda ɗaya da ƙura ta lulluɓe, da wani tsohon famfo wanda ko waya ba a jona masa ba. Ɗalibai fiye da arba'in ne za su koyi aiki a kan waɗannan. Saboda haka kafin mahaifinka ya fitar da ko jika ɗaya, ka nemi ganin takardar izinin gwamnati, ka tabbatar cewa jarrabawar BTS ta ƙasa, wato ta babbar takardar ƙwarewar sana'a, ɗalibansu ke zaunawa, ka shiga ɗakin aiki a ranar da ake darasi ka ƙirga mutum nawa ke kan injin ɗaya. Mafi muhimmanci, ka tambayi inda waɗanda suka gama bara suka yi sitaj, wato zaman koyon aiki a kamfani, ka kuma nemi ɗaya daga cikinsu ka ji daga bakinsa. Makarantar da ta yi maka alkawarin aiki a SORAZ tun kafin ka zauna a aji, ka yi hattara da ita, domin ba ita ke ɗaukar ma'aikata a can ba.

Abu biyu za ka haɗa da karatun ko ina ka shiga. Na farko Ingilishin aiki, domin littattafan injuna da yawa da shi aka rubuta su, kuma Faransanci kaɗai ba zai ishe ka a gaban wasu na'urori ba. Na biyu horon kiyaye haɗari, wanda a wannan fanni ba a wasa da shi: iskar H2S, alal misali, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai idan kaɗan ce, amma idan ta yi yawa sai ta kashe jin warin gaba ɗaya, mutum ya ɗauka ta wuce alhali tana gab da kayar da shi. Ka kuma shirya ranka, domin aikin Agadem zaman makonni ne a cikin hamada nesa da iyali.

Tambaya: Malam, 'yata ce ke son wannan fanni, ni kuwa ina jin tsoron aikin daji ga 'ya mace. Akwai wurin da ya dace da ita? Daga wata uwa a unguwar Zariya.

Amsa: Hajiya, tsoronki na uwa ne kuma yana bisa hanya, amma ba duk aikin mai ake yi a bakin rijiya ba. Kowace matata da kowace babbar ma'ajiyar mai tana da ɗakin gwaji, inda ake auna nauyin fetur da gas-wal, da yawan ruwa ko farar wuta da ke cikinsu, kafin a bar tankoki su yi lodi. Idan 'yarki tana son ilimin sinadarai, ta nemi sashen kimiyya a jami'ar Maradi ko ta Abdou Moumouni a Yamai, ta dage da aikin ɗakin gwaji tun shekarar farko, ta kuma fara neman gurbin sitaj tun kafin shekarar ƙarshe, domin masu nema suna da yawa kuma guraben ba su kai yawansu ba.