Karatun da Ke Shigo Mana da Watan Maulidi a Zangon Kumasi

Malam, ka tambaye ni ko mu da aka haifa a Kumasi ta ƙasar Gana muna jin shigowar watan Maulidi kamar yadda kuke ji a Kano, da kuma abin da muke karantawa idan ya kama. Muna ji ƙwarai, sai dai hanyarmu da taku ba ɗaya ba ce.

Ku a can watan ne ke zuwa ya same ku har gida. Ko mutum bai buɗe littafi ba, gidajen rediyo sun ɗauki yabo, 'yan Islamiyya na zagaye gari, gwamnati ta ba da hutu, ga Takutaha na tafe da hawan Dala. A nan kuwa 12 ga Rabi'ul Awwal ranar aiki ce kamar kowace rana. Kasuwar Kejetia cike take, yara na makarantar boko, maƙwabcinka Ba'asante bai ma san an ga wata ba. Hutun da ƙasa ta ba Musulmi na Sallah ƙarama da babba ne, su ɗin ma sai a zamanin shugaba Rawlings aka samu. Don haka idan ba mu shimfiɗa tabarma mun zauna karatu ba, watan zai shiga ya fita ba wanda ya shaida shi.

Ishiriniya ce kan gaba. Daga daren da aka ga wata, bayan Isha'i, za ka ji ta tana tashi daga ƙananan masallatan Aboabo da Asawase da Sabon Zango, nan an fara, can an yi nisa. Ka san tsarinta: waƙoƙin Alfazazi ne, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, kowane harafi da baiti ashirin, ga tahamisin da aka ƙara mata, wato mai da kowane baiti mai layi biyar. Harafi-harafi ake bi. Mai murya ya ja baiti, jama'a su amsa, mata na bayan labule ko a ƙofar gida suna bi a hankali, yara na rarraba koko da ƙosai na sadaka. Wanda ya wuni a kasuwa yana ciniki da yaren Asante, nan ne yake dawowa cikin danginsa.

Amma abin da nake so ka gane shi ne fassara, domin a wurinmu ta fi ƙarfin ƙarin bayani. Ba a koyar da Hausa a makarantun gwamnati a Gana. Yaranmu na jin Hausa, da ita suke wasa, da ita ake yi musu faɗa, amma Hausar titi ce, haɗe da Turanci da yaren Asante, kuma kaɗan ne daga cikinsu za su iya zama su karanta shafi guda na Hausar boko. Littattafan labarai da 'yan matanku ke karantawa a lokacin hutu ba su cika isowa hannun namu ba. To idan malam ya ajiye rerawa ya fara fassara, kalma da kalma, Larabci a gaba Hausa na biye, a nan ne yaro ke jin Hausar da ba ya ji ko'ina, mai nauyi, wadda malam ya karɓa daga bakin malaminsa ba tare da ya taɓa ko kalma ba. Na sha ganin saurayi ya matso bayan an tashi yana tambayar ma'anar Hausar, alhali Larabcin ya gane.

Wannan Hausa tana da asali. Fataken goro ne suka kawo ta ta hanyar Gwanja, malamai na biye da ayari. Babban cikinsu shi ne Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar 1892 ya watsa garin ya koma Kete-Krachi, ya rasu a can a 1934. Almajiransa sun bazu cikin zangonni, kuma malamai da yawa a nan idan suka jero silsilarsu a wurinsa take tsayawa. Ke nan abin da muke ji da daddare, daga gidanku ya fito tun farko.

A gidanmu akwai Ishiriniyar kakana, rubutun hannu, warƙa-warƙa a cikin gafaka. Gefen takardun ya yi baƙi saboda yatsa, tsakanin layuka kuma ga ƙananan kalmomin ajami da jar tawada inda ya rubuta fassarar da ya ji. A 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi wa'adin barin ƙasa, gidaje da yawa a zango sun watse, wasu littattafai sun bi masu su zuwa Najeriya da Nijar. Wannan ta tsaya. Sau ɗaya ake fito da ita a shekara, kuma babba ne kawai ke juya warƙar.

Sauran karatun ka san shi: Burda ta Busiri, da Diwanin Shehu Ibrahim Inyass a zawiyoyin Tijjaniyya, wanda matasa suka fi so saboda daɗin rerawa. Da yake babu hutu, manyan tarurruka a ƙarshen mako ake sa su, kowane malami da ranarsa, a kafa rumfuna a jera kujeru a tare layi, har a wuce watan ana yi. Motoci kan cika zuwa Prang, ko zuwa unguwar Fadama a babban birni Accra wurin Maulidin Limamin Limaman ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu. 'Yan'uwanmu Dagomba kuma a wannan watan suke bikin Damba, kamar yadda Daura ke Sallar Gani.

Ba kowa ke yi ba, gaskiya. Akwai gidajen Ahlus Sunna da ba sa zuwa Maulidi, an kuma taɓa kai ruwa rana a kan haka. Yanzu dai mutum na wucewa ta gefen rumfa ya yi sallama a amsa masa, idan azumi ya zo kowa ya nufi wurin tafsirin malaminsa.

Abin da ke damuna shi ne dattawan da suka haddace fassarar nan suna ƙarewa, matasa kuma a waya suke bin baitocin, Larabci zalla. Shi ya sa nake roƙonka, Malam, idan mai zuwa ya samu kafin watan ya kama, ka shiga Kasuwar Kurmi ka saya mana Ishiriniya mai manyan baƙaƙe, wadda ke da fassarar ajami a ƙarƙashin layi. Ko guda goma ce za mu raba wa masallatan unguwa. Ka gaida mutanen gida.